Yadda ake ajiye kokwamba ta kwana biyu ba ta yi yaushi ba

Duk wadda ta taɓa haɗa salak na biki ko na buɗa-baki ta san takaicin kokwamba. Ki sayo ta ranar Litinin kore shar, da tauri kamar icce, ki zo yankawa ranar Alhamis ki tarar tana lanƙwasa a hannu, ko ta fito daga firji jikinta duk ƙananan ramuka, tana tsattsafar da ruwa. Ni nawa darasin da tsada na saye shi. Ana saura kwana huɗu bikin ƙanwata na ga kokwamba ta yi araha, na kwashi rabin buhu. Da yake zafi ake kamar me, wuta kuma sai an ga dama ake kawowa, sai na jera ta a firiza, wai kafin ta yi ƙanƙara an ɗauke wutar. Kamar da gayya, wuta ta kwana biyu cur ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da na fito da ita ta narke, sai ga ta kamar tsumman da aka jiƙa, cikinta ya koma garai-garai kamar gilashi, kina matsawa ruwa na tsiyaya. Ranar ɗaurin aure da sassafe ina 'Yankaba ina sabon ciniki.

Dattijon da nake saye a wurinsa ya saurari labarin har ƙarshe yana dariya ƙasa-ƙasa, sannan ya ce, "Hajiya, ai kokwamba 'yar gata ce. Ba ta son rana, ba ta son ƙanƙara. Sanyin randa take so." Na ce, "Baba, da ka faɗa mini tun ranar da na saya." Ya ce ai ban tambaya ba.

Maganar tasa ita ce gaskiyar lamarin, har a wajen masana kayan gona. Kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 ɗinta ruwa ne, kuma tun tana ɗanya ake cire ta, ba ta gama girma ba. Bayan an cire ta ma da ranta, tana numfashi, tana fitar da ruwan jikinta ta fata, ga shi babu jijiyar da za ta mayar mata da shi. Sanyin da ya fi dacewa da ita digiri 10 ne zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, cikin iska mai laima sosai. Ko an sama mata hakan daidai wa daida, kwana 10 zuwa 14 ne iyakarta. To firjin gida yawanci wajen digiri 4 yake, tsakar gidan Kano kuwa a watan Afrilu takan kai 40. Ɗaya ya yi mata sanyi, ɗaya ya yi mata zafi. Dabarar duk ita ce ki sama mata wuri a tsakani, ki kuma hana ruwan jikinta gudu ba tare da kin bar ruwa ya kwanta a kan fatarta ba.

Tun daga gaban mai kayan gwari

Wadda ta riga ta kwana uku a kan tebur cikin rana, ana yayyafa mata ruwa don ta yi sheƙi, babu dabarar da za ta mayar da ita sabuwa. In da hali ki shiga kasuwa da safe, lokacin da ake sauke kayan lambu, ko 'Yankaba ce a Kano ko Farin Gada a Jos ko kasuwar unguwarku. Kada sheƙin ya ruɗe ki. Ki ɗauka ki danna da babban yatsa wajen hancinta, inda aka yanko ta daga yaɗo, domin daga bakin nan yaushi yake farawa. In ya lotsa ko kika ga fatar wajen ta tattare, ki ajiye. Ki ɗan gwada lanƙwasa ta, sabuwa ba ta yarda. Ki kuma ji nauyinta a tafin hannu, wadda ruwanta bai gudu ba tana da nauyi fiye da yadda girmanta ya nuna.

Launi ma yana magana. Kore mai duhu ake so daga kai har ƙasa. Ɗan fari-farin da kan fito a gefe guda ba aibu ba ne, nan ne wajen da ta kwanta a ƙasa rana ba ta taɓa ba. Amma in rawaya ta fara shigowa, ta tsufa, ko a gona ko a kasuwa. Manyan nan masu ƙaton ciki da kan ja hankalin mai son banza, ki bar su: 'ya'yansu sun yi ƙwari, tsakiyar ta fara rami, kuma su ne ke riga lalacewa. Matsakaiciya, miƙaƙƙiya, mai ɗan guntun hanci kore a jikinta, ita ce ta ajiya. Duk wadda ke da ƙwarzane ko sarar wuƙa ko wurin da ya bugu, ta ci ce yau, domin ta nan ruɓa ke shiga.

Gyaran da mai kaya zai ɗora miki a sama kuwa, ki karɓa ki yi godiya, amma ki ware shi. Ba kasafai ake ba da gyara daga sabon kaya ba.

A hanya kada ki bari ta kasance a ƙasan buhu, doya da albasa da gwangwanaye a kanta. Kada kuma ki ƙulle ta a baƙar leda ki bar ta a bayan mota kina zaga layin 'yan atamfa. Awa biyu a but ɗin mota da rana tsaka ya isa ya cinye mata kwanaki daga cikin kwanakinta, don duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin numfashin kayan lambu sau biyu ko fiye.

Da isowa gida

Ki zazzage ta daga leda nan take, ki baza a faifai ko tire a inuwa ta sha iska kamar rabin awa, zafin hanya ya fita. Sai ki tsince: masu rauni da na gyara gefe guda, lafiyayyu gefe guda.

Kada ki wanke wadda za ki ajiye. Na san hannu yana ƙaiƙayi, musamman in da ƙasa a jikinta, amma ki sa busasshen tsumma mai tsabta ki goge kawai. Fatar kokwamba tana da wani ɗan maiƙo na halitta da ke rage mata zubar ruwa, dirza da soso yana kankare shi, ruwan da ya maƙale a jiki kuma shi ne abincin ruɓa. In ta zo da taɓo har ba yadda za a yi sai an wanke, to ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki tsane kowace ɗaya da tawul, ki bar ta ta bushe ƙarau kafin ki naɗe. Wanki na sosai sai ranar ci. Ranar kuwa kada ki yi wasa da shi, ko da za ki fere, domin wuƙa tana kwasar dattin fata ta shigar da shi ciki. Wasu lambunan gefen gari da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa, ruwan da ake yayyafawa a kasuwa ma ba ki san daga inda aka ɗebo shi ba, ga amai da gudawa da kan ɓulla da damina. Ruwa mai tsabta, ki murza da hannu sosai, ki ɗauraye. Ban da sabulu ko garin wanki.

Sai naɗi. Kowace ɗaya ki naɗe ta ita kaɗai da tishu mai kauri na kicin, ko tsohon ɗankwali na auduga da kika wanke ya bushe. Ki zuba naɗaɗɗun cikin leda, ki ninke bakin sako-sako ba tare da kin ƙulle ba, ko ki huda ledar wuri huɗu zuwa shida da tsinke. Ledar tana tsare laima kada ta yanƙwane, tsumman yana shanye zufar da take yi kada ta kwanta mata a fata, hudar kuma tana ba ta numfashi. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace za ki gani a jikinta. Babu leda, ta yi yaushi. Babu tsumma, ta yi yauƙi. Kika ƙulle tam, ta dafu cikin guminta.

Dogayen nan masu siririyar fata da ake sayarwa a manyan kantuna, kowace an liƙe ta da leda kamar fata ta biyu, ki bar su cikin ledarsu har ranar yanka. Fatarsu ba ta da kauri, da kin tuɓe ledar suke fara yaushi.

In firji za ki sa

Firji yana aiki, amma da sharaɗi. Idan kokwamba ta wuce kwana biyu zuwa uku a sanyin da ke ƙasa da digiri 10, sanyin yana ƙona ta. Ƙunar sanyi ba ta cika nunawa tana ciki ba. Sai kin fito da ita ta sha iskar ɗaki, sannan ramukan su bayyana, wasu wurare su jiƙe, ruɓa ta biyo baya da gudu. Shi ya sa mutum kan rantse da safe lafiya lau ya fito da ita, da yamma ta zama wani abu.

Saboda haka ki nemi wurin da ya fi ɗumi a firjin. Aljihun kayan lambu na ƙasa, ta gaba, shi ne wurinta, ko jikin ƙofa in za ta shiga. Kada ta taɓa bangon baya, kada kuma ta kusanci ɗakin ƙanƙara a ƙananan firjin nan masu ƙofa ɗaya. Rabin digiri kawai ƙasa da sifiri ya isa ya daskarar da ita, in ta daskare kuwa labarina na biki ne zai maimaita kansa. Naɗin tsumman nan yana zama mata bargo. A haka takan yi kwana biyar zuwa mako guda da ƙwarinta. Duk bayan kwana biyu ki taɓa tsumman, in ya jiƙe ki sauya. Kuma wadda kika fito da ita daga firji ki yanka ta a ranar, kada ki ce za ta ƙarasa kwananta a kan kanta.

Abin dariya, firjin da ya tsufa ba ya sanyi sosai ya fi sabo dacewa da kokwamba. Ɗauke wuta ma ba zafin ne matsalarta ba, zufar ce. Wuta ta tafi firji ya huce, ta dawo ya sake sanyi, kowane zagaye raɓa na taruwa cikin leda. In unguwarku irin ta kawo-ɗauke ce, kullum ki duba tsumman.

Gidan da firiza kaɗai ke akwai, ga abin da nake yi tun bayan wancan bikin. Nakan daskarar da ruwa a gorar roba biyu. In ɗauki ɗaya in naɗe ta da tawul, in sa a gefe guda cikin kula babba, in jera naɗaɗɗiyar kokwamba a ɗaya gefen, da ɗan kwali a tsakani don kada su haɗa jiki, in rufe. Safe da yamma in sauya gorar da 'yar'uwarta. Gora ɗaya tak, kada ki cika kular da ƙanƙara. In kika sa hannu ciki kika ji sanyi mai daɗi irin na ruwan tulu da asuba, kin dace. In yatsunki suka fara zafin sanyi, ya yi yawa. Da wannan dabarar na sha kai kokwamba kwana goma a tsakiyar bazara, kuma ita nake yi da azumi.

Randa cikin randa

Wadda ba ta da firji ba ta rasa komai ba, in dai akwai magina a kusa. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka cikin shekarun 1990, har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta kai har Sudan, inda suke ce mata zir. Hikimar dai ta randar kakanninmu ce: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafi.

Ki samo tukwanen ƙasa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama, yadda in kin sa ƙaramar cikin babbar za a sami ratar yatsu biyu zuwa uku a kewaye. Ta wajen lallai ta zama wadda ba a shafa wa fenti ko siminti ba, in ba haka ba ba za ta yi zufa ba. In da huda a gindi ki toshe. Ki samo yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, ki tankaɗe, ki wanke shi ƙura da laka su fita, don laka tana toshe ƙofofin yumɓu. Ki zuba yashin a gindin babbar gwargwadon yadda in ƙaramar ta zauna bakinsu zai zo daidai. Ki zaunar da ita a tsakiya, ki cika ratar da yashi har sama. Sai ki riƙa zuba ruwa a hankali a kan yashin har ya ƙoshi ya daina sha. In kika kwara da yawa lokaci guda, ƙaramar za ta taso tana iyo. Ki bar ta ta kwana kafin ki zuba kaya, ta fara ɗaukar sanyi.

Wurin ajiyewa shi ne rabin nasarar. Inuwa ake so wadda iska ke ratsawa: ƙarƙashin rumfa, gindin bishiya, ko baranda. Lungun ɗaki da babu iska ba zai yi ba. In kin ɗora ta a kan duwatsu uku ko ƙarfen ɗora randa, iska ta bi ta ƙasa, ya fi. A cikin ƙaramar ki kifa ɗan murfin kwano ko ki shimfiɗa ƙaramin faifai, don kada kokwamba ta kwanta cikin ruwan da kan taru a gindi. Ki jera ta ba tare da leda ba, domin cikin tukunyar da laimarsa. Ki rufe da faifai, ki lulluɓa jiƙaƙƙen tsumma mai kauri ko buhun algarara da kika matse. Ruwa sau biyu a rana, safe da yamma, yashin da murfin duka. In bazara ta tsananta ki ƙara da azahar.

Kada a yi miki ƙarya, randar ba ta kai digiri 12 a watan Afrilu. Abin da take yi shi ne ta sauke zafin ƙasa da na waje sosai, ta kuma riƙe laima, su biyun nan kuwa su ne buƙatar kokwamba. A hannuna takan yi mako guda, da hunturu har kwana goma. Da rani take aikinta, lokacin da iska ta bushe. Da damina ta kankama, iska ta cika da laima, zufar ba ta bushewa, sanyin ya ragu, fumfuna kuma ta samu wurin zama. A watan Agusta ba na dogara da ita fiye da kwana uku ko huɗu. Duk mako ki kwashe kayan ki goge cikin ƙaramar, ki bar ta ta sha iska.

In babu firji babu randa, ki naɗe ta yadda na faɗa, ki sa a kwando a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da murhu da taga. Da bazara kwana ɗaya zuwa biyu ne, kada ki sa ran fiye. Da hunturu kuwa, da dare kan yi sanyin da ya kusa wanda take so, takan kai kwana biyar, amma a lokacin busasshiyar iska ce abokiyar gabarta. In kika bar ta tsirara a watan Janairu, kafin kwana biyu ta tattare kamar leɓen da bai ga man kaɗanya ba.

Maƙwabtan da ba ta jituwa da su

Nan ne mafi yawanmu muke kuskure, don kayan salak tare muke sayo su, tare muke zubawa a aljihu ɗaya. Tumatir da ayaba da mangwaro da gwanda da fiya da tuffa, in suna nuna, suna fitar da wata iska da ake kira etilin. Ba ta da launi, ba a ganinta. Ita ce dalilin da ya sa ɗanyen mangwaro kan nuna da wuri in an rufe shi da nunanniyar ayaba. Kokwamba kuwa ba nuna take yi ba in ta shaƙe ta, tsufa take yi: ta yi rawaya, ta yi laushi, ta ruɓe. Kaɗan ma ya ishe ta. Saboda haka aljihunta daban, randarta daban. Karas da kabeji da koren tattasai da latas za su iya zama da ita lafiya. Masu tebur da ke jera kokwamba a gindin nonon ayaba don kwalliya, da kansu suke rage wa kayansu kwana.

Wadda aka riga aka yanka

Da wuƙa ta shiga, lissafi ya canza. In rabi kika yanka, ki rufe bakin sauran da ledar naɗe abinci ta manne da naman, ki sa a firji, ki cinye cikin kwana biyu zuwa uku. Kafin ki sake amfani ki yanke siririn bakin da ya bushe. Wadda aka yayyanka, ki shimfiɗa tishu a gindin roba mai murfi, ki zuba, ki rufe, kwana biyu. A nan kam sanyin firji sosai ake so, ba na randa ba, domin yanzu maganar ƙwayoyin cuta ake, ba ta kyan fata ba. Yankakkiyar kokwamba kada ta wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu in ba a buɗe shi ba. In wuta ta yini ba ta dawo ba, salak ɗin da ke ciki, musamman mai ƙwai da bama, ki haƙura da shi.

Masu aikin biki, kada ku sa gishiri ko bama sai za a ci. Gishiri yana jawo ruwan kokwamba waje, kafin amarya ta iso salak ya zama miya. Ni nakan yanka kabeji da karas tun dare, kokwamba kuwa sai da safe, kuma a robarta daban har lokacin zubawa. In ta cika 'ya'ya, ki tsaga ta biyu ki kankare tsakiyar da ƙaramin cokali, nan ne ruwan ya fi yawa.

Ta ci ce ko ta zubarwa

Yaushi kaɗai ba lalacewa ba ne. In ta ɗan yi laushi amma babu yauƙi babu wari, ki yanke bakinta biyu, ki yayyanka, ki jiƙa a ruwa mai sanyi sosai na rabin awa. Takan farfaɗo ta yi garas-garas, ko da ba kamar sabuwa ba. Wadda ta fara rawaya amma da ƙwarinta, ki fere ki cire 'ya'yan ki markaɗa a lemo. Amma in kika ji santsi a fatarta, ko wari mai tsami, ko kika ga fumfuna fara ko baƙa, ko wani wuri ya yi tuɓus yana ruwa, ki zubar da ita gaba ɗaya. Abu mai ruwa irin wannan, ruɓar ta riga ta yi nisa a ciki fiye da inda ido ya tsaya. Ki kuma sauya wa na kusa da ita tsumma.

Ɗaci kuwa ba daga ajiya yake ba, daga gona ta taho da shi, yawanci in shukar ta sha ƙishi ko zafi. Ya fi taruwa wajen hanci da ƙarƙashin fata. Ki yanke wajen hancin da ɗan kauri ki fere, ki ɗanɗana. Gugar bakin da iyayenmu ke yi har farar kumfa ta fito, ni ma ina yi don sabo, amma yankewar ce ke aikin. In ɗacin ya game jikinta duka, kada ki ci.

In ta yi yawa

Wata rana za a kawo miki tsarabar lambu da ta fi ƙarfin gidan, ko araha ta ja ki kamar yadda ta ja ni. Bayan kin aika wa maƙwabta, ragowar ki tsima ta a ruwan khal, irin mai tsamin nan da ake sawa a shawarma. Kilo ɗaya na sabuwar kokwamba, ki wanke, ki yanke bakin da furen ya faɗi ki yar, domin akwai sinadari a wajen da ke sa tsimin ya yi laushi. Ki yanka ƙawanya-ƙawanya ko a tsaye, ki barbaɗa gishiri babban cokali biyu, ki bar ta rabin awa a matsami ta tsiyaye, ki ɗauraye sama-sama. Ki haɗa ruwan khal kofi biyu, wanda aka rubuta 5% a kwalbarsa, da ruwa kofi biyu, sukari babban cokali biyu, gishiri cokali ɗaya, ki tafasa. Ban da tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Ki yi amfani da mai fenti irin ta langa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki jera kokwambar a kwalbar da kika wanke da tafasasshen ruwa, ki jefa tafarnuwa da masoro da attaruhu ɗaya, ki zuba ruwan har ya rufe ta ruf. In ya huce ki rufe ki sa a firji. Washegari ta ciwu, kuma takan yi mako uku zuwa huɗu in da cokali mai tsabta ake ɗiba. Kada ki rage khal ɗin ki ƙara ruwa don tattali, tsamin ne maganin. In babu firji, ki yi kaɗan, ki sa kwalbar a randa, a cinye cikin kwana uku.

Firiza ma tana da ranarta, in dai ba salak kike nufi ba. Ki fere, ki markaɗa da citta da na'a-na'a da ɗan lemun tsami, ki ɗura a ƙananan robobi ki daskarar. Takan yi wata uku. Da azumi sai ki ciro ɗaya bayan la'asar, ki ƙara ruwa da sukari ki tace, ko ki jefa cikin zoɓo.

Mai lambu kuma da mai sari, naku ya fi na uwargida sauƙin faɗa, ya fi wuyar yi. Ka cire da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, da wuƙa ko almakashi, ka bar ɗan guntun hanci, kada ka fizge. Ka kai inuwa nan take, kada a tara a bakin kwalta rana na duka ana jiran mota. Kwandon roba mai huji ya fi buhu nesa ba kusa ba, domin a buhu na ƙasa suna ɗaukar nauyin na sama, yaran mota kuma su hau kai su zauna. In buhun ne dole, kada a danna, kuma a yi tafiyar dare. A tebur, jiƙaƙƙen buhun algarara da aka matse aka lulluɓa ya fi yayyafin da ake yi kowane minti goma.

Gurjinmu na gida ya fi kokwamba haƙuri da zafi, shi ya sa yara ke yawo da shi a tire har la'asar da ƙullin yajin ƙuli a gefe. Amma shi ma ɗan'uwanta ne, in ki sa shi a randa, in ki raba shi da tumatir. In kuma an riga an fere shi an barbaɗa yajin, wannan na ci ne a tsaye.